Gado mai hawa biyu ko mai janyowa, ga ɗakin yara da ya yi kaɗan

Wata 'yar'uwa ta tambaya: "Ɗakin yarana ƙafa 10 ne da ƙafa 10, ga wadrof a ciki. Su biyu ne, mai shekara 8 da mai shekara 5. In sa a yi musu gado mai hawa biyu, ko irin wanda ake janyo na biyun daga ƙarƙashi?"

'Yar'uwa, mai hawa biyu za ki sa a yi miki. Duka gadajen biyu sun kwana a gidana, don haka abin da na gani da idona nake gaya miki.

Mai janyowar na fara saya, domin da rana yana da kyan gani, gado ɗaya tsaf a jikin bango. Sai dare ya yi ake gane halinsa. Ki ɗauki tef ki auna: faɗin gadon mutum ɗaya ƙafa 3 ne, wajen santimita 90. Kina janyo na ƙasan ya zama ƙafa 6. Zurfin wadrof kuma kusan ƙafa 2 ne. A cikin ƙafa 10 ɗin nan saura ƙafa 2 kawai, kuma nan ne ƙofar wadrof za ta buɗe, nan ne yaro zai bi idan fitsari ya tashe shi cikin dare. Filin da kike jin kin samu aro ne, da dare za a karɓe shi. Dole wurin ya zauna fayau kullum, ba tebur, ba kwando, tunda gadon zai fito. Ga ƙarƙashin gado, wanda shi ne ma'ajiyar mai ƙaramin ɗaki, katifa ta cinye shi. Iyakar alherinsa da zan iya faɗa, yana kusa da ƙasa, ko yaro ya mirgino ba zai ji ciwo ba. Da duka yaranki ba su kai shekara 6 ba, da shi zan ce ki sa a yi miki.

Mai hawa biyun kuwa, har yau ina tuna ranar da aka kafa shi. Yaran suka shigo suka tsaya tsakar ɗaki suna juyi, kamar an ƙara wa ɗakin faɗi. Ƙafa 3 ya ci, dare da rana, bai ƙara ko inci ba. A ɗakinki ƙafa 5 za su rage miki bayan wadrof. Ni a wannan filin na saka ƙaramin tebur na karatu, na tura akwatunan roba guda uku ƙarƙashin gadon ƙasa, na zuba kayan sanyi da zannuwan gado. Abin da ban zata ba shi ne yadda babban ya ɗauki saman a matsayin ɗakinsa. Na sa an buga masa 'yar kanta a bango, ya jera littattafansa, ƙaninsa ba ya iya kaiwa. Rigimar "ya taɓa min kaya" ta ragu sosai. Yaron da ba shi da ɗakin kansa, wannan 'yar kusurwar babban abu ce a wurinsa.

Amma ki riƙe wannan da kyau: mai shekara 8 ne a sama, mai shekara 5 a ƙasa, komai kukan da zai yi. A Amurka tun shekarar 2000 akwai dokar ƙera irin wannan gado, kuma gargaɗin da ake liƙawa a jikinsa ya hana ɗora yaron da bai kai shekara 6 ba a sama. Ma'aunansu sun dace kowa ya ara ya ba kafintansa. Shingen sama ya kasance a ɓangarori biyu, har da na jikin bango, domin yaro na iya zamewa tsakanin gado da bango. Tsayin shingen ya wuce saman katifa da aƙalla inci 5, kusan santimita 13. Tazarar da ke tsakanin sanduna kada ta kai inci 3 da rabi, kusan santimita 9, don jikin ƙaramin yaro na iya wucewa kansa ya maƙale. Saboda tsayin shingen nan ne ba a sa katifa mai kauri a sama, tana haɗiye shingen. Ki fara sanin kaurin katifar kafin a yanka katako.

Ki ɗaga kai ki dubi silin ɗinki ma. Yaro ya iya zama a sama ba tare da kansa ya bugu ba. Idan akwai fankar sama kusa da wurin, a cire ta a koma ta bango, wannan ba abin a yi shawara ba ne. Zafi kuma sama yake taruwa, na saman zai fi jin sa, sai ki karkata masa fankar.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da masu sayarwa. Akwai masu haɗa gadon da allon garin katako da aka matse da gam, su lulluɓe shi da fenti mai sheƙi su rantse miki katako ne. Irin wannan ruwa na taɓa shi yake kumbura, kuma idan aka kwance shi don ƙaura, ƙusoshin ba sa sake kamawa. Ki leƙa ƙarƙashi inda fenti bai kai ba, ko ramin da aka huda, za ki ga garin. Wasu kuma ɗanyen katako suke sawa, bayan 'yan watanni ya bushe ya lanƙwashe, gado ya fara ƙara. Idan na ƙarfe ne, ki duba waldar a kowace mahaɗa, domin wasu ɗigo biyu suke yi su shafe da fenti. Kada ki biya kuɗi a kan hoton waya. Ki je da kanki, ki kama gadon da hannu biyu ki jijjiga, ki sa babban mutum ya taka tsanin. Wanda ya hana ki gwadawa ya san abin da yake ɓoyewa.

Ki ce a haɗa shi da noti, ba ƙusa kaɗai ba, kuma a yi shi yadda za a iya raba shi ya koma gadaje biyu ranar da Allah Ya hore miki ɗaki mai faɗi. Idan an kawo, ki sa a ɗaure shi da bango ta sama, ki riƙa bin notocin kina ƙara matsewa lokaci zuwa lokaci, don hawa da saukar yara na sassauta su.