Asibitin da ya raba mini magana ɗaya gida uku

Wata bakwai ke nan da aka cire mini mahaifa, kuma sai yanzu na ji zan iya yin sharhi a kan asibitin da ya yi aikin ba tare da zafin ciwo ko ɗokin murna ya rinjaye ni ba. Ba zan ambaci sunansa ba. So nake wanda ke kan hanyar da na bi ya san irin kulawar da ya kamata ya nema, ko a ina yake.

Ni namiji ne da aka haifa da jikin mace. Na yi shekara huɗu a kan allurar testosteron, wato sinadarin da ke fito da siffofin maza, kafin na je wurinsu. Al'ada ta ɗauke tun a watannin farko, amma daga shekara ta biyu sai ciwon mara ya sako ni gaba, babu jini, sai murɗa kawai, irin mai tashin mutum da tsakar dare. Duk lokacin da ya motsa sai ya tuna mini da abin da ke cikina wanda ban taɓa jin nawa ba ne. Da magana ɗaya na shiga ofishin likita: a cire komai.

Likitar ba ta yi mini gardama ba. Farar takarda ta jawo, ta zana mahaifa da biro, da bututu biyu hagu da dama, da gidan ƙwai a ƙarshen kowanne. Ta ce, "Wannan komai da kake faɗa abu uku ne, kowanne da tasa tambayar." Har yau takardar tana wurina, duk ta yamutse.

Ta farko ba ta ba ni wahala ba. In an cire mahaifa tare da bakinta, jini ya tafi har abada, ɗaukar ciki ma haka, kuma wanda bai taɓa samun mugun sakamako a gwajin kansar bakin mahaifa ba yawanci ya huta da wannan gwajin. Ni wannan kaɗai babban sauƙi ne, domin gwajin yakan hana ni barci tun ana saura mako. Ta biyu ma muka wuce da sauri: bututun ba su da wani aiki in babu mahaifa, kuma likitoci sun gano cewa da yawa daga cikin kansar da ake kira ta gidan ƙwai daga bututun take farawa, shi ya sa ake haɗawa da su.

A ta uku muka zauna. Gidan ƙwai ba ƙwai kaɗai yake ajiyewa ba, shi ne ke samar da sinadarin istirojin, kuma ƙashin mutum yana buƙatar ɗaya daga cikin biyun, ko istirojin ko testosteron, don kada ya zaizaye. Duk wanda aka cire wa gidajen biyu yana matashi, ya ɗaura aure da magani ke nan har zuwa wajen shekara 50 aƙalla. In allura ta yanke, jiki ya faɗa halin macen da ta daina al'ada farat ɗaya: gumin dare, zafin jiki na bazata, rashin barci, ƙashi kuma yana raguwa a ɓoye. Ta dube ni ta ce, "Kana da tabbacin za ka riƙa samun allurarka shekara ashirin masu zuwa, ko da aiki ya canza, ko doka ta canza?" Na yi shiru, domin ba ni da wannan tabbacin.

Ba ta ɓoye mini ɗaya gefen ba. Gidan ƙwan da aka bari yana iya yin ƙari mai ruwa. In daga can ciwon nawa yake fitowa, zai iya ci gaba. In kuma daga baya na ji ba zan iya zama da su ba, wata tiyatar ce sabuwa. Na tambaye ta abin da na daɗe ina ji a bakin 'yan'uwa, wai dole a cire su bayan 'yan shekaru a kan testosteron saboda kansa. Ta ce binciken da ake da shi bai nuna haka ba, kada tsoro ya yanke mini hukunci. Ta ba ni mako uku in je in yi tunani.

Wannan jinkirin ya ɓata mini rai a ranar, amma shi ne abin da na fi gode musu a kai. Ba a daɗe ba da ake tilasta wa irinmu wannan aikin. A Suwidin, har zuwa 2013 sai an kashe wa mutum haihuwa kafin a canza masa jinsi a takardun hukuma. Kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta yanke a 2017, a wata ƙara da aka kai Faransa, cewa wannan sharaɗin tauye haƙƙi ne, kotun ƙolin Japan ma ta soke nata a 2023. Da na san wannan sai na fahimci nauyin a ajiye mini zaɓi a gabana a ce nawa ne. Na koma na ce a cire mahaifa da bakinta da bututun, a bar mini gidajen ƙwai biyun.

Ta fuskar takardu ba su wahalar da ni ba. Suna bin ƙa'idojin WPATH, ƙungiyar duniya ta ƙwararrun da ke kula da lafiyar masu canza jinsi, bugu na 8, na shekarar 2022, waɗanda suka mayar da wasiƙar tantancewa daga ƙwararre guda ɗaya maimakon biyun da ake nema a da.

Yanzu inda suka gaza. Maganar haihuwa minti biyar aka ba ta, kuma wani ma'aikaci ne daban ya karanto mini ita daga fom yana duba agogo. Ya tambaya ko ina son daskarar da ƙwai, na ce a'a, ya yi alama ya wuce. Bai faɗa mini yadda ake yi ba, cewa allurai ne na kusan mako biyu sannan a zuƙo ƙwan, balle ya tsaya ya ji ko a'ar tawa ta fito daga sani ne ko daga gajiya. Ni da na bar gidajen ƙwaina ƙofa ba ta rufe gaba ɗaya ba. Amma na yi ta tunanin yaro ɗan shekara ashirin da zai zauna a kujerar nan ya ce a cire duka. Shi minti biyar ba ta isa ba, kuma na rubuta musu haka.

Na biyu, takardar kula da kai bayan tiyata don mata aka rubuta ta, daga farko har ƙarshe. Ma'aikatan jinya sun kira ni yadda nake so, babu wanda ya yi kuskure, sai ga takarda a hannuna tana magana da wata daban.

Aikin kansa ya tafi lafiya. Tiyatar kyamara aka yi, huda huɗu ƙanana a ciki, kwana ɗaya na yi. Ba su sallame ni ba sai da aka zare robar fitsari suka ga na yi da kaina. Abin da ba a gargaɗe ni ba shi ne ciwon kafaɗa. A dare na biyu kafaɗata ta dama ta riƙe kamar an soka mini ƙusa, na firgita, yayata ta kira layin asibitin. Nas ɗin da ta ɗauka ta kwantar mana da hankali, ta ce iskar da ake hura wa ciki lokacin aiki ce ke taɓa jijiyar da ta haɗa da kafaɗa, in riƙa ɗan takawa. Yaya ta kama hannuna muka yi ta zagaya ɗaki a hankali, ina cewa, "Yaya, tsaya," tana cewa, "Saura taku biyar." Kwana uku ya wuce.

Sun jaddada mini mako shida ba ɗaukar kaya mai nauyi, kuma kada komai ya kusanci ɗinkin can cikin gaba, inda aka cire bakin mahaifa, sai likita ta duba, domin testosteron yana sa fatar wurin ta yi siriri, ɗinkin kuma yana iya buɗewa in an yi gaggawa. Na bi wannan sau da ƙafa. Gajiya ce ta fi daɗewa, sai a mako na biyar na ji ƙarfina ya fara dawowa.

Zan tura ɗan'uwa wurinsu, da sharaɗin ya nemi zama na musamman a kan haihuwa kafin ya sa hannu a komai. Ciwon marar bai dawo ba tun daga ranar. Wata mai zuwa zan koma a duba jinina, kuma na riga na rubuta tambayoyi biyu a bayan takardar zanen.