On30 ko HOe: wanne zai jure ƙurar Daura?

Malam, ka ce kana da fili a ɗaki mai rufin kwano a nan Daura, tsawonsa mita 2.5, faɗinsa mita 1.2, kana son shimfiɗa ƙaramin samfurin layin dogo irin siririn nan, wutar gidan kuma sola ce da batir. Abin da ka rasa shi ne wanda za ka ɗauka tsakanin On30 da HOe. Shawararmu On30 ce, kuma ƙura ce babban dalili, ba fili ba.

Su biyun abu ɗaya suke kwaikwayo, wato dogo mai faɗin kusan inci 30, milimita 762. Irin wannan dogo an taɓa yin sa a ƙasar nan: ƙaramin layin da ya tashi daga Zariya zuwa Jos da Bukuru saboda kuza, wanda aka buɗe kashi-kashi daga 1912 zuwa 1914, aka rufe a 1957. Bambancinsu a ma'auni yake. HOe ɗaya bisa 87 ne, yana tafiya a kan dogo mai tazarar milimita 9, a Amurka kuma HOn30 ake ce masa. On30 ɗaya bisa 48 ne a kan dogo mai tazarar milimita 16.5, wato tazarar HO, ma'aunin samfurin jirgin ƙasa da aka fi sani. Mutum mai tsayin mita 1.7 ba ya kai santimita 2 cif a HOe, a On30 kuwa santimita 3.5 ne. Tsawo bai kai ninki biyu ba, amma girman jiki ya kusa ninki shida, nauyi ma yana bin sa. Wannan nauyin shi ne kan maganar.

Ta fuskar fili HOe ya fi, babu gardama. Akwai ƙaramar kwanar da ake sayarwa a shirye mai santimita 23 daga tsakiyar da'ira zuwa dogo, don haka zagaye cikakke yana shiga katako mai faɗin santimita 60. On30 yana son santimita 46, ƙananan injuna su kan bi 38 da ƙyar. Ninka 46 sau biyu, ka bar santimita 8 ta kowane gefe don kada tarago ya faɗo ƙasa, ka samu 108. Filawud guda mai ƙafa 4 da ƙafa 8, wato santimita 122 da 244, ya ɗauke shi, filinka kuma zai ɗauki filawud ɗin in an rage santimita 2 a faɗinsa. Da faɗin da kake da shi bai wuce na ƙofar ɗaki ba, da HOe za mu ce maka, ko On30 mai kai da komowa a jikin bango ba zagaye. Inda za ka yi haƙuri shi ne gadar sama. Hawa kada ya wuce santimita 3 a kowace mita. Kafin layi ya haye ta saman wani, HOe na buƙatar tsayin kamar santimita 6, mita 2 ke nan na hawa. On30 na buƙatar 11, kusan mita 3.7, ga kuma gangara mai wannan tsawon. A filinka ka bar layin a shimfiɗe, ka yi tudu da kwari a gefensa.

Yanzu ga ƙura. Injin samfuri ta dogo yake shan wuta, inda ƙafa ta taɓa ƙarfe, wurin kuwa bai fi ɗigon alƙalami ba. Ƙaramin injin HOe mai ƙafa huɗu ba shi da nauyin da zai danne ƙurar hunturu, ƙwayar rairayi ɗaya ta isa ta ɗaga ƙafa ta yanke wuta. Sai ka ga yana tafiya yana tsayawa, musamman a hankali, alhali tafiya a hankali ita ce kyawun siririn dogo. Injin On30 ya fi nauyi, ƙafafunsa sun fi girma, ga wuri a cikinsa da za a ƙara dalma, a sa kafasita mai riƙe wuta na ɗan lokaci idan kana amfani da DCC, wato tsarin da ake aika wa kowane inji umarni ta dogo zuwa wata ƙaramar na'ura da ke cikinsa. A HOe, wurin sa ƙaramar na'urar DCC ɗin ma neman sa ake yi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu mai HOe zai goge dogo kafin kowace tafiya. Mai On30 da ke rufe shimfiɗarsa da yadi zai iya kwanaki bai goge ba.

Gugar iri ɗaya ce ga duka biyun: farin ƙyalle da barasar goge kayan lantarki da masu gyaran waya ke amfani da ita. Kada takardar yashi ta taɓa dogo, don tana barin ƙarce, ƙura kuwa a ƙarce take zama. Bayan guga ka ɗan zana fensir mai laushi, 2B, a kan dogon a wuri biyu ko uku, ƙafafu su yaɗa shi. Yana taimakon wuta, amma in ya yi yawa inji zai riƙa santsi a hawa. Mai kuma, irin wanda aka yi don roba, ɗigo ɗaya a bakin allura ya ishi kowane haƙorin giya. Baƙin mai na mota haramun ne a nan. Yawan mai da ƙura su ke haɗuwa su zama laka a gatari.

Zafi da bushewa ba su san On30 ko HOe ba, sai dai HOe ya fi saurin nuna ciwo, domin kaucewar rabin milimita a dogo mai 9 babban abu ne. Sandar dogo mai tsawon yadi ɗaya tana ƙaruwa da kusan milimita 0.4 idan zafi ya tashi da digiri 25, kuma tsakanin asubar hunturu da azahar ɗin bazara a ƙarƙashin kwano ana samun haka. Katako ya ma fi ƙarfe motsi: yana kumbura da damina, ya tsuke da hunturu, dogon da aka matse a kansa ya rasa inda zai je sai ya lanƙwashe gefe. Saboda haka ka bar tazarar rabin milimita a kowace mahaɗa a miƙaƙƙen layi. Filawud ya zama mai kaurin milimita 9 ko 12, kafinta ya yi masa firam da katakai a kowane santimita 40, a shafe shi da fenti sama da ƙasa da gefe kafin a ɗora komai. Ƙafafun tebur su sha maganin gara.

Kaya duka oda ne daga waje, a nan ma On30 ya fi sauƙi. Kamfanin Peco na yin dogon kowanne, SL-500 don 16.5 da SL-400 don 9. Bachmann ne suka fi yin On30 a shirye, HOe kuwa akwai Roco da Liliput da Minitrains. Amma dogon HO na hannu da ƙasan injin HO sun fi yawa a kasuwar duniya, kuma duk suna aiki a On30. Matasan dogon HO, wato katakan da dogo ke kwance a kansu, sun yi ƙanana sun matsu, sai ka cire ɗaya ka bar ɗaya, tsakuwa ta rufe sauran. Jikin tarago a ɗaya bisa 48 ana yin sa da kwali mai kauri da siraran katako da gwangwani, da reza da rular ƙarfe. A ɗaya bisa 87 wannan aikin sai da madubin ƙara girma da haƙuri mai yawa.

Batun wuta, tunda batir gare ka, fara da DC, wato wutar batir kai tsaye zuwa dogo, ba DCC ba. Batirin sola yakan haura bolt 14 lokacin caji, ƙananan motocin nan kuwa 12 ce iyakarsu, na HOe sun fi saurin ƙonewa. Sa ƙaramar na'urar rage bolt ka tsayar da ita a 10, sannan na'urar daidaita gudu ta PWM, sannan makunni mai ƙafa shida da ke juya waya don gaba da baya. Idan motar injin irin marar ƙarfe a tsakiya ce, wadda ta yawaita a ƙananan injuna na zamani, PWM ɗin ya zama mai bugu sama da dubu 16 a daƙiƙa, in ba haka ba motar za ta yi zafi. Abin da ba a wasa da shi: batir ba ya yanke kansa. Tarago ya sauka ya haɗa dogo biyu, waya za ta narke. Sa fis mai amfiya 2 a bakin batir, ka jera kwan fitilar mota mai wat 21 a wayar da ke zuwa dogo. Idan wuta ta haɗu kwan zai kama, ya tsare ta ƙasa da amfiya 2, ya kuma nuna maka akwai matsala. Ƙarƙashin tebur ka ja manyan wayoyi biyu masu kaurin 1.5, daga su ƙananan wayoyi su hau zuwa kowace sandar dogo, a like da dalma. Ƙarafunan haɗa dogo don daidaita baki aka yi su, in ka dogara da su wajen wuta za su ci amanarka cikin shekara guda.

Masauyin layi, inda layi ke rabuwa biyu, shi ne inda aka fi kuka. Tsinin da dogo biyu ke haɗuwa a tsakiyarsa iri biyu aka fi sani a wajen Peco: Insulfrog na roba, marar wuta, da Electrofrog na ƙarfe. Gajeren inji yana mutuwa a kan na roba, don haka a HOe na ƙarfe dole ne, a On30 ma shi ya fi. Sharaɗinsa a sa mahaɗin roba a dogo biyun da suka fito daga tsinin, in ba haka ba wuta za ta haɗu da zarar ka juya shi.

Idan jirgi na sauka daga layi, duba wa ke da laifi. Kowane tarago na sauka a wuri ɗaya, dogo ne. Tarago ɗaya na sauka ko'ina, ƙafarsa ce. Auna tazarar da ke tsakanin bayan ƙafa da bayan ƙafa: kusan milimita 14.5 a On30, 7.4 zuwa 7.6 a HOe. Ta matsu, leɓen ƙafa zai hau ƙarfen tsaro, gajeren dogon da ke daura da tsinin masauyi. Ta buɗe, zai daki tsini. A kwana kuwa, yawanci mahaɗa ce ta yi gwiwa. Maganinta a like sanduna biyun da dalma suna miƙe, sannan a lanƙwasa su tare. Kwana biyu masu saɓa wa juna a sa miƙaƙƙen layi tsakaninsu, tsawon tarago mafi tsawo. Taragu masu nauyi su bi inji, marasa nauyi su koma baya, don ja a kwana yana tuntsurar da na tsakiya idan ba shi da nauyi.

Tsakuwar layi ba sai ka yi oda ba. Tankaɗe rairayi da rariya, wanke, shanya, sannan ka bi shi da maganaɗisu sosai, domin ƙasarmu tana da ɓurɓushin ƙarfe, maganaɗisun motar inji kuma zai zuƙe shi. Gam farin kafinta rabi, ruwa rabi, ɗigon sabulun ruwa, a ɗiga a bari ya kwana biyu. Kada gam ya kusanci harshen masauyi.

Idan kuwa ranka na kan tsohon layin da ya bi ta Funtuwa zuwa Gusau da Ƙauran Namoda ne, wannan faɗinsa milimita 1,067, ba 762 ba. Dogon 16.5 ɗin da za ka shimfiɗa zai ɗauke shi a ma'aunin ɗaya bisa 64, sai dai kusan duk jikin inji da taragu da hannunka za ka gina. Sabon layin Kano zuwa Maraɗi da ya ratsa Daura da Katsina da Jibiya mai 1,435 ne, shi kuma HO zalla ne a kan wannan dogon, amma dogayen taragunsa ba za su ji daɗin kwanar santimita 46 ba.