Kayan auna yanayi don ajin kimiyya a Sakkwato: wanne ya cancanci kuɗin makaranta?

Malamin da ke son ɗalibansa su daina haddace alƙaluman garuruwan da ba su taɓa gani ba, su koma lissafi da ruwan Sakkwato da zafinta, hanya uku ce a gabansa: manhajar waya, ko na'urar lantarki mai allo, ko kayan hannu.

Manhajar waya hasashe take ba ka, yaro bai auna komai da hannunsa ba, don haka na ajiye ta gefe. Na'urar lantarki kuwa tana da kyan gani, amma wadda aka kawo mana ba ta wuce hunturu ɗaya ba: ƙura ta toshe ta, batir ya mutu, aka rasa mai gyara.

Ni dai kayan hannu nake ba 'yan'uwana malamai shawara su saya: ma'aunin ruwan sama, da ma'aunin zafi mai nuna mafi tsanani da mafi ƙaranci, da littafi mai kaurin bango. Ma'aunin ruwan da aka saba da shi, faɗin bakin mazurarinsa milimita 127 ne, ana kafa shi a fili nesa da bishiya da gini, bakinsa kamar santimita 30 daga ƙasa. A nan darasin yake. Milimita 1 na ruwan sama daidai yake da lita 1 a kan murabba'in mita ɗaya. Ka sa 'yan aji su auna rufin ajinsu, su lissafa lita nawa ta zuba daren jiya. Za ka ga yaron da ke gyangyaɗi a bencin baya ya miƙe zaune. Daga Yuni zuwa Satumba su riƙa rubutawa kowace safiya a lokaci guda, su gani da idonsu yadda Agusta ke rinjaye, su haɗa da lokacin da iyayensu suka shuka gero. Bayan haka sai a kwatanta da alƙaluman NiMet, hukumar yanayi ta ƙasa, yara su yi muhawara kan dalilin bambancin.

Ma'aunin zafin kuma gilashi ne mai lanƙwasa, ana mayar da alamominsa da ɗan maganaɗisu. Inuwa yake so, cikin farin akwatin katako mai ramukan iska, sama da mita ɗaya daga ƙasa. Kafintan unguwa zai haɗa shi. Tazarar sanyin asubar Janairu da ranar Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ta isa zanen jadawali na zango guda.

Sai dai Malam, ka buɗe ido wajen saye, domin nan ake cutar makarantu. An taɓa kawo mana ma'aunin zafin jikin mutum da sunan na yanayi. Wannan daga digiri 35 zuwa 42 kawai yake karantawa, ba zai nuna maka sanyin hunturu ba, kuma bazararmu tana iya wuce ƙarshensa. Akwai kuma jabu masu lambobin da aka buga a karkace, da waɗanda zaibarsu ta yanke a tsakiya. Kada ka biya sai ka gwada. Ka fara samo ma'aunin zafi na ɗakin gwajin kimiyya, mai tafiya daga digiri -10 zuwa 110, ka tsoma shi cikin ƙanƙara mai narkewa, ya nuna sifili. A tafasasshen ruwa ya kai kusan 99 a nan garin. Shi za ka ajiye kusa da na yanayin a inuwa ka ga ko bakinsu ɗaya. Kada ka kuskura ka sa na yanayin a ruwan zafi, zai fashe.

Ma'aunin ruwa ma bai tsira ba. Wasu sukan haɗa mazurari da kwalbar awo da ba tasa ba, mai lissafin mililita, su ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. A mazurarin milimita 127, ruwan sama milimita 1 yana tara kusan mililita 12.7. Ka ɗauki rula ka auna bakin a gaban mai kayan, ka zuba ruwa ka gani. Idan roba ce mai laushi, ka bar masa abinsa, ranar nan za ta tsattsaga ta kafin damina ta biyu. Kuma in ɗan kwangila ne ya kawo kaya cikin kwali, ka roƙi shugaban makaranta kada ya sa hannu sai malamin kimiyya ya buɗe ya gwada kowanne.