Mako Shida Ina Cefane Daga Kantar Ƙasa: Yadda Na Samu Kayan Abinci Mafi Araha na Babban Kanti

Lokacin da kuɗin da ke shigowa gidanmu ya ragu a farkon wannan shekara, rasidan cefane na fara ɗaukowa na baje a gabana, domin haya da kuɗin makaranta ba su da inda za a taɓa su, amma tukunya kullum ana iya yi mata gyara. Mu huɗu ne a gida, ni da maigidana da yara biyu da ke kan ganiyar girma, kuma masu irin wannan shekaru ba a yi musu bayanin tsuke bakin aljihu da cikin da bai ƙoshi ba. Shawarar da na yanke ita ce, har tsawon mako shida, duk abin da zan saya a babban kantin da muke zuwa zai zama mafi araha a jinsinsa, bisa sharaɗin cewa ba wanda zai tashi da yunwa, kuma abincin ba zai koma na cika ciki kawai ba.

Abu na farko da na koya shi ne sunkuyawa. Kayan da kanti ya fi son a saya suna daidai saitin ido, yayin da mafi araha suke can a kantar ƙasa, cikin leda ko kwali marar ado, galibi ɗauke da sunan kantin da kansa. Irin waɗannan kaya sun daɗe a kasuwa: kamfanin Carrefour na Faransa ya fito da kayan abinci marasa tambarin masana'anta a 1976, Tesco na Ingila kuma ya ƙaddamar da jerin kayansa masu rahusa a 1993. Arahar tana da dalili. Kanti ba ya kashe musu kuɗin talla, ba ya ƙawata mazubinsu, kuma yana ba masana'antu kwangilar yin su da yawa a lokaci guda. Sai dai sunkuyawar kaɗai ba ta isa ba, domin farashin da aka rubuta da manyan lambobi na fakiti ne, fakitoci kuwa ba girmansu ɗaya ba. Ƙaramin rubutun da ke nuna farashin kilo ɗaya ko giram 100 shi ne alƙali, kuma sau da dama ya nuna mini cewa ƙaramar ledar da na ɗauka mai sauƙi ce ta fi babbar da ke gefenta tsada.

A kayan da abu ɗaya ne tak a cikin leda, ban ga abin da zai sa in koma wa masu tsada ba. Gishiri, sukari, fulawa, taliya, hatsin ots, wake, adas (wasu ƙananan ƙwayoyi dangin wake) da shinkafa duk sun yi aikinsu. Shinkafar dai, da na zuba ta a faranti kusa da ragowar wadda muka saba ci, na ga karyayyun ƙwayoyi sun fi yawa a cikinta, ruwan wankinta kuma ya fi yin fari, har sai da na sauya shi sau uku kafin ya washe. A dahuwar farko ta caɓe mini, saboda karyayyar ƙwaya ta fi saurin sakin sitaci. Da na rage ruwa kaɗan, na kuma daina juya ta a kan wuta, sai ta tsaya warwar, kuma ba wanda ya ce uffan a kan tebur. Taliyar ma haka take: idan an sauke ta minti ɗaya kafin lokacin da aka rubuta a jikin leda, da wuya a bambance ta da kowace.

Wake da adas su ne suka riƙe gidan, kuma a kansu na fi yin lissafi. Babban mutum mai lafiya yana buƙatar kimanin giram 0.8 na sinadarin gina jiki a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, wato mai nauyin kilo 70 yana neman wajen giram 56. Busasshen wake ko adas na giram 100 yana ɗauke da fiye da giram 20 na wannan sinadari, ga shi da auki, domin idan an jiƙa an dafa yakan ninka nauyinsa har ya ɗan zarce. Idan aka haɗa shi da hatsi kamar shinkafa ko alkama, abin da ɗaya ya gaza a kai ɗayan yana cikewa. Akwai kuma sinadarin ƙarfe da jini ke buƙata, wanda jiki ya fi ɗaukarsa daga tsirrai idan an ci tare da abu mai bitamin C kamar tumatir ko lemon tsami, shayi kuwa yana rage ɗaukar, abin da ya sa na matsar da shayinmu zuwa bayan cin abinci da ɗan lokaci. Jan adas ya fi burge ni, saboda ba ya buƙatar jiƙo kuma yana narkewa cikin minti ashirin. Wata ledar wake kuwa ta ba ni wahala a mako na biyu: na jiƙa shi tun dare, ya kwashe fiye da awa biyu a kan wuta yana nan da taurinsa kamar tsakuwa, alamar ya daɗe a ajiye. Ranar, abin da na rage a farashi na biya shi a gas. Mai sayen jan wake mai siffar ƙoda kuma ya sani cewa wajibi ne ya tafasa sosai na aƙalla minti goma, domin yana da wani sinadari da ke jawo amai da gudawa idan bai ji wuta ba.

Ƙwai mafi araha ƙanana ne kawai, ba wani aibu a jikinsu, kuma babban ƙwai ɗaya yana ba da kusan giram 6 na sinadarin gina jiki, ƙarami kuma ƙasa da haka kaɗan. Sardin na gwangwani shi ma ya fitar da ni kunya, tunda ana cinsa har da ƙashinsa mai laushi, wanda ke ɗauke da kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, gwangwani biyu kuma suna isar miyar mutum huɗu idan an yalwata albasa.

Kayan lambu ne suka fi ba ni tsoro tun farko, domin Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kowane babba ya ci aƙalla giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itatuwa a rana, wanda a gida irin namu ya haura kilo ɗaya da rabi kullum idan an yi wa kowa wannan awo. Abin da ya cece ni shi ne kayan da ba su da saurin lalacewa, wato kabeji, karas da albasa, sai kuma daskararrun kayan lambu na firiza, waɗanda a da nake yi wa kallon abincin malalata. Na yi kuskure a wannan. Hanyar daskararwa cikin sauri da Ba'amurken nan Clarence Birdseye ya inganta a shekarun 1920 tana kama kayan ne jim kaɗan bayan girbi, saboda haka yawancin amfaninsu yana nan, kuma babu ɓawo ko ruɓaɓɓen gefe da za a yanke a zubar. Koren wake da alayyafon firiza mafi araha sun yi kyau a miya, sai dai gaurayen kayan lambun, rabinsa karas ne, abin da zan iya saya ɗanye da rahusa. 'Ya'yan itatuwa ne ban iya cike gurbinsu yadda nake so ba. Ayaba da duk abin da yake kakarsa muka dogara a kai, kuma akwai ranakun da ba mu kai awon ba. Da na ga rahoton hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024, wanda ya ce mutum fiye da biliyan 2.8 ba su da halin cin abinci mai gina lafiya a 2022, na fahimci inda gizo ke saƙar: cika ciki da hatsi da mai yana da sauƙi, abin da ke cin kuɗi shi ne ganye, 'ya'yan itace da abin da ya fito daga dabba.

Inda araha ta nuna ba ta ado shi ne a kayan da masana'anta ta harhaɗa daga abubuwa da yawa, domin a nan ne ake da damar rage mai tsada a cike da mai sauƙi. Ƙa'idar da ƙasashe da dama ke bi, wadda hukumar Codex ta tsara, wato hukumar da Hukumar Abinci da Aikin Gona da Hukumar Lafiya ta Duniya suka kafa a 1963, ita ce a jera abubuwan da ke cikin kaya daga mafi nauyi zuwa mafi ƙaranci. Da na fara karanta wannan jeri, sai na ga lemon kwali mafi araha ya fara da ruwa, ya bi da sukari, ruwan 'ya'yan itacen da aka zana hotonsa a gaba kuma yana can a baya. Sosej ɗin da na saya a mako na farko, ruwa da sitaci da kitse ne suka biyo bayan naman, kuma da na soya shi ya motse ya bar kaskon cike da mai. Daskararriyar kazar ta fi ba ni haushi. Na ɗora ta ina sa ran ta soyu, sai ta riƙa sakin ruwa har ta koma dafawa, kuma da na duba ledar daga baya na tarar an rubuta, da rubutun da sai an matso da shi kusa da ido, cewa an ƙara mata ruwa da gishiri. Kenan ruwa na saya da kuɗin nama. Kayan gwangwani ma suna da irin wannan, shi ya sa yanzu nauyin abin da ya rage bayan an tsiyaye ruwa nake dubawa, wanda ake rubutawa daban.

Gishiri shi ne ɗayan abin da ke ɓoye a irin waɗannan kaya. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada babba ya kai giram 5 a rana, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, kuma idan sodiyam aka rubuta a jikin fakiti, sai an ninka shi sau biyu da rabi kafin a samu yawan gishirin. Da wannan lissafi na gano cewa fakiti ɗaya na taliyar nan mai saurin dahuwa, tare da garin ɗanɗanonta, yana cinye babban kaso na awon rana, ga shi ba ya riƙe ciki, bayan awa biyu yara sun dawo suna buɗe firij. Na daina sayenta a mako na uku, tare da biskit da lemon kwali, kuɗinsu kuma na mayar da shi kan ƙwai da madara.

Matsalar da ban yi tsammani ba ita ce gundura. A mako na huɗu ƙaramin ɗana ya leƙa tukunya ya ce, "Mama, yau ma wake?" Bai yi ƙarya ba. Abubuwa goma sha wani abu nake ta jujjuyawa, kuma abinci mai araha idan ba a yi masa dabara ba lami yake fitowa. Maganin da na samu shi ne kayan ƙanshi da haƙurin soya albasa a hankali har ta yi ja kafin a zuba komai. Tafarnuwa, citta, barkono da matsin lemon tsami a ƙarshe suna sa adas ɗin jiya ya zama wani abu daban yau. A nan ne na karya sharaɗina sau ɗaya, domin garin barkono mafi araha launi kawai gare shi, ba yaji ba ƙanshi, sai na sayi na sama da shi, wanda kaɗan ake zubawa ya wadatar.

Dole ne in faɗi abin da rasidi ba ya nunawa, domin wanda zai gwada wannan hanya ya san abin da zai tarar. Kuɗin da aka rage, da lokaci ake biyansa: jiƙo tun dare, yanke-yanke, tsara abincin mako kafin a fita, da tsayawa karanta fakiti a kanti. Sannan akwai wuta, kuma akwai firij, wanda in babu shi rabin dabarun nan ba za su yiwu ba. Ni na riƙa dafa wake mai yawa sau ɗaya in raba shi a robobi in daskarar, abin da ya rage mini gas sosai. Ragowar shinkafa kuwa tana son kulawa, domin akwai ƙwayar cutar da ke jure dahuwa, ta yaɗu idan an bar shinkafa ta kwana a waje, saboda haka nakan baje ta ta huce da wuri, in sa a firij, mu cinye washegari bayan an ɗumama ta sosai. Kayan da kanti ke karya wa farashi saboda kwanansu ya kusa sun taimaka mini, bayan na fahimci cewa ranakun da ake bugawa iri biyu ne. Akwai wadda ke nufin a daina ci bayanta, irin ta ɗanyen nama da kifi, wadda ba a wasa da ita, akwai kuma wadda ke nufin ingancin kaya ya fi kyau kafin ta, irin ta taliya da kayan gwangwani, waɗanda sukan ci gaba da ciwuwa muddin mazubinsu bai fashe ko ya kumbura ba.

Da mako shidan suka cika, kuɗin cefanenmu ya sauka ƙwarai, kuma da na bi rasidan ɗaya bayan ɗaya na lura cewa sauya tambari ya kawo wani ɓangare ne na ragin, mafi yawansa ya fito daga rage nama da barin kayan maƙulashe. Busassun kaya, ƙwai, sardin, tumatirin gwangwani da kayan lambun firiza zan ci gaba da ɗaukarsu daga kantar ƙasa ba tare da wata shakka ba. Nama kuwa na gwammace in sayi kaɗan wanda ba a yi wa ƙari ba, in yanka shi ƙanana ya ba miya ɗanɗano, da in cika leda da wanda zai tsiyaye a kasko. Abu ɗaya ne maigidana ya roƙa a dawo masa da shi, wato ganyen shayin da ya saba sha, domin na arahar sai ya jefa jaka biyu a kofi kafin ruwan ya yi launi, kuma da muka yi lissafin kofi-kofi sai muka ga kuɗin ya zo ɗaya.