Jarkar roba ko tukunyar sitenles: wacce za a juye madara mai zafi kafin a sa irin yogot?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Tukunyar sitenles za ki saya, mai faɗin baki da murfi mai kama jiki. Jarka ki bar ta wa ɗebo ruwa. Amma abin da ya fi damuna a maganarki shi ne shirin da kika ce kina yi, na dafa madarar da dare, ki juye ta da zafinta, ki rufe, sai da safe ki sa iri, wato ɗan yogot ɗin da ake zubawa don madara ta kama. Wannan ko a mazubin zinariya ne ba zan ba ki shawarar ki yi shi ba, kuma zan faɗa miki dalili.

Tukunyata mai cin lita 30 ce, mai kaurin gindi, kuma tun da na fara sana'ar nan babu kayan aikin da ya riƙe mini amana kamarta. A cikinta nake dama garin madara, a cikinta nake dafawa, a cikinta nake sanyayawa, a cikinta kuma yogot ɗin yake kama jikinsa. Kin ga ke nan madara ba ta fita daga inda aka dafa ta ba balle ta haɗu da dattin wani mazubi. Idan na sauke, sai in ɗora ta cikin babban baho, in zuba ruwan rijiya a gefe, in riƙa juyawa da ludayin da na tafasa. Ruwan bahon yana ɗumi in canza shi. Kafin awa guda ta cika madarar ta sauko inda nake so. Akwai ranar da aka ba ni aikin walimar suna a tsakiyar watan Afrilu, ga zafin Kano kin san shi, ga babu wutar Nepa tun safe. Da ƙanƙarar da yarona ya sayo a bakin titi na sanyaya tukunya biyu, na sa iri bayan isha'i, kafin kiran assalatu yogot ya daskare sumul, ko ɗigon ruwa babu a samansa. Uwar jegon har yau ni take kira.

Sirrin yana jikin ƙarfen. Sitenles yana fitar da zafi kusan ninki 30 a kan robar jarka, ga baki a buɗe da za ki iya juyawa. Ita kuwa jarka mai lita 20 ko 25, in kika cika ta da abu mai tafasa kika ɗaure baki, sai ta kwana da ɗuminta, wani lokaci har rana ta fito tsakiyarta bai huce ba. A nan matsalar take.

Mu dai mun san ana kai madarar yogot zafin digiri 85 a riƙe ta minti 30, ko digiri 90 zuwa 95 na minti 5. Wannan yana kashe yawancin ƙwayoyin cuta, yana kuma sa yogot ya yi kauri. Sai dai akwai waɗanda dahuwa ba ta kashe ƙwansu, irin su Bacillus cereus, wanda ake samu a ƙasa da ƙura da shi kansa garin madara. Da zarar zafi ya sauko ƙasa da digiri 60 suna iya farfaɗowa, kuma tsakanin 30 zuwa 40 ne suka fi hayayyafa. To duba lamarin: kin kashe sauran ƙwayoyin da za su yi gogayya da su, ba ki sa irin yogot da zai kawo tsami ya danne su ba, kin kuma ba su dare guda cikin ɗumi. A bazara ma ɗakin kansa yana kai digiri 35, wato jarkar ba za ta taɓa fita daga wannan yanayin ba. Shi ya sa masu kula da lafiyar abinci suka ce dafaffen abu ya sauko daga 60 zuwa 21 cikin awa 2, sannan zuwa 5 cikin awa 4 na gaba. Jarka a tsakar ɗaki ba ta kusa da cika wannan sharaɗi.

In kin taɓa buɗe madarar da ta kwana kika tarar ta guda alhali ba ta yi tsami ba, ko ta yi wani ɗaci-ɗaci a ƙarshen harshe, sau da yawa aikinsu ne. Wani lokaci kuma babu wata alama ko kaɗan. Kada ki ce za ki sake tafasawa da safe, domin wani dafin da wannan ƙwayar ke fitarwa wuta ba ta karya shi. Yara ne fa mafi yawan masu shan kayanmu, 'yan makaranta da 'yan Islamiyya, cikinsu ba ya ɗaukar abin da na babba zai ɗauka.

Na san inda dabarar jarkar ta fito, don bidiyonta yana yawo. Masu haɗa giya a gida a Ostareliya ne suka yi suna da ita. Suna juye ruwan tsiron sha'ir yana tafasa cikin jarkar roba mai kauri da ake kira HDPE, mai lamba 2 a gindi, su matse iska ta fita, su ɗaure, su ajiye har makonni kafin su sa yis. Amma nasu ruwan yana da ɗan tsami tun asali, yana wajen 5.2 a ma'aunin tsami na pH, inda ƙaramar lamba ke nufin ƙarin tsami, ga wani fure mai ɗaci da suke dafawa a ciki wanda ke hana wasu ƙwayoyi tsiro, kuma ko a tsakaninsu ana gardama a kan hatsarin abin. Madara kuwa tana wajen 6.6, ga maiƙo ga furotin, babu abin da zai kare ta. Madarar kwali da kike gani tana wata da watanni a kanti, an kai ta digiri 135 ko sama da haka na 'yan daƙiƙu ne a inji, aka zuba ta a kwalin da aka riga aka kashe wa ƙwayoyi. Risho da murhun gawayi ba za su ba ki wannan ba.

Tun da dare ne lokacin da kike samun sarari, ki juya tsarin kawai. Ki dafa, ki sanyaya a baho zuwa digiri 43 ko 45, ki sa iri a take, kamar cokali biyu na cin abinci a kowace lita, ki rufe ki naɗe tukunyar da bargo ko ki saka ta a babbar kula. Cikin awa 4 zuwa 6 zai kama, in kin tashi sallar asuba sai ki mayar firji don kada tsamin ya wuce gona da iri. Da ma aikin da kike so ki yi da safe dare zai yi miki shi. In kuma dole sai da safe za ki sa iri, to ki sanyaya ta sosai ki kai ta firji, da safe ki ɗumama zuwa 43. Wannan hanyar ta dogara da wuta, ke kika san halin unguwarku. Ki sayi ma'aunin zafi na girki tare da tukunyar, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, ya fi gwaji da ɗan yatsa.

Sai batun wanki, wanda a wurina shi kaɗai ma ya isa ya raba gardama. Madara tana barin maiƙo da wani farin datti a jikin mazubi. A tukunya idonki na gani, hannunki na kaiwa, ki goge da soso mai laushi, ki ɗauraye da tafasasshen ruwa, ki kife a rana. A jarka hannu ba ya shiga. Cikin mariƙin nan da kusurwoyin kafaɗarta, ko kin girgiza da ruwan omo da tsakuwa ba za ki san abin da ya rage ba, tsakuwar ma sai ta ƙara karce robar ta yi wa datti maɓoya. Roba kuma tana riƙe wari. Jarkar da ta taɓa ɗaukar man gyaɗa, sai kin ji shi a yogot.

Don adalci, jarka tana da arha, ba ta da nauyi, kuma in sabuwa ce mai lamba 2 a gindinta ruwan zafi ba ya narka ta, sai dai ta yi laushi ta lotsa in ta huce. Ina da guda biyu, ruwa nake ajiyewa a ciki. Iyakar yabon da zan yi mata ke nan. Robobin ruwan sha masu lamba 1 kuwa, tun daga wajen digiri 70 suke fara motsewa, sai yogot ya yi sanyi ake ɗura shi a cikinsu. Kwalba tana da tsafta amma tana fashewa in zafi ya same ta farat ɗaya, kuma ba ta aikin lita 20 ba ce.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara a kasuwa. Masu sayar da tsofaffin jarkoki kowacce ka ɗaga sai su ce ta man girki ce. Wasu maganin feshin gona suka ɗauka, wasu kalanzir, wasu sinadarin masana'anta, an wanke an shanya an jera. Roba tana shan abin da aka zuba mata, zafi kuma yana fito da shi. Haka bokitin fenti da ake wankewa a sayar wa mata. Duk robar da za ta taɓa abinci ki saya sabuwa, ki kifa ta ki duba lambar da ke cikin alamar kusurwa uku, 2 ko 5, in da hoton kofi da cokali mai yatsu ya fi. Baƙar roba mai warin ƙauri ki ajiye musu kayansu.

Ɓangaren tukunya ma akwai nasu halin. Wadda kike nema ita ce mai lambar nau'in ƙarfe 304, wani lokaci ana rubuta 18/8, wato kashi 18 na kuromiyam da kashi 8 na nikel. Akwai 201 mai arha, wadda aka rage wa nikel, ido ba ya bambance su a shago, sai bayan tsami da gishiri sun taɓa ta ki fara ganin ɗigon tsatsa a gindi da wajen walda. Wani zai manna takardar 304 a jikin 201 ya karɓi kuɗin mai kyau. Ki nemi lambar da aka buga a jikin ƙarfen, ko da yake ita ma ba hujja ce cikakkiya ba. In mai shago ya ɗauko maganaɗisu ya nuna miki bai kama ba, kada wannan ya rufe miki ido, 201 ma ba ta kama maganaɗisu. Ki ɗaga ki ji nauyi, ki shafa cikin da yatsa ki ji ko haɗin yana da kaushi, ki ƙwanƙwasa gindin. Gindi mai fele-fele yana ƙona madara, ƙauri kuma in ya shiga yogot babu sukarin da zai ɓoye shi. Wasu kuma alminiyam da aka goge ya yi sheƙi suke miƙo miki da sunan sitenles. Ki goga farin ƙyalle mai ɗanshi a ciki da ƙarfi, in ya yi baƙi alminiyam ne. Tsamin yogot yana cin alminiyam, tukwanen da ake zubawa daga tarkacen ƙarfe kuwa an sha gano dalma a cikinsu, don haka kada ki bar yogot ya kwana a ciki.

Ki je da wadda ta san kaya, ki yi sharaɗi da mai shago a gaban mutane cewa in ta yi tsatsa za ki dawo da ita. Ki ɗauki wadda ta fi abin da kike dafawa girma da kamar kashi ɗaya cikin huɗu, saboda madara tana tasowa in ta ji wuta, kuma ki gwada girmanta da bahonki da kularki kafin ki biya. In kuɗin babbar bai samu ba yanzu, mai lita 15 guda biyu sun fi saurin hucewa, sun kuma fi sauƙin ɗagawa ga mace ita kaɗai. Allah ya sa albarka a sana'ar.