Gidan Haɗi na Masana'anta da Ginin Bulo: Amsa Ga Mai Fuloti a Danbare

Assalamu alaikum. Wani ɗan'uwanmu a wannan zaure ya yi tambaya cewa yana da fuloti a wajen Danbare, kuma ya ga bidiyon gidajen da ake haɗawa a masana'anta a ɗauko su a mota a dasa a fili, waɗanda masu harkar suke kira modula. Yana son ya san ko ya nemi irinsu ko ya yi ginin bulo, domin wasu sun ce masa kwantena ce aka yi wa fenti, ba ta jure iska da zafi, wasu kuma sun ce rabin kuɗin bulo ya ishe shi. Malam, duka ɓangarorin biyu ba su faɗa maka daidai ba, kuma tunda magana ce ta dukiya da matsugunin iyali, ya kamata a warware ta da natsuwa.

Kuskuren farko shi ne haɗa abubuwa daban-daban a ƙarƙashin suna ɗaya. Kwantena akwatin dakon kaya ce mai faɗin ƙafa 8 da tsawon ƙafa 20 ko 40, kuma ɗakunan wucin gadi da kamfanonin hanya suke ajiyewa a sansaninsu an yi su ne don a kwashe bayan aiki. Gidan haɗi kuwa ana gina shi ɗaki-ɗaki a masana'anta, da wayoyin wuta da bututun ruwa da tagogi, sannan a kawo shi a ɗora a kan harsashin da aka zuba da kankare, a ɗaure shi, ya zauna ke nan. Ko a Amurka doka ta raba su: gidan da ake ja a kan firam na ƙarfe yana bin ƙa'idar gwamnatin tarayya da ta fara aiki a 1976, gidan haɗi kuma yana bin ƙa'idar gini ta jiha, wadda ginin da aka yi a fili yake bi. Saboda haka kafin a yi maganar farashi, ka tambayi mai sayarwa wanne daga cikinsu yake tallatawa.

Batun ƙarko shi ne ya fi damun mutanenmu, kuma ina ganin dalili. Bakano idan zai sayi gida sai ya ƙwanƙwasa bango, idan ya ji sauti kamar ganga sai hankalinsa ya tashi. Amma ɗakin da za a ɗaga da kirane, wato injin ɗaga kaya masu nauyi, a ɗora a tirela, ya sha gargadar hanya, dole firam ɗinsa ya ɗauki wahalar da bangon bulo ba ya taɓa fuskanta. A Birtaniya, bayan yaƙin duniya na biyu, an kafa ƙananan gidajen masana'anta sama da 150,000 da niyyar su yi shekara 10 kacal, wasunsu kuma an zauna a ciki fiye da shekara 60. A Japan kamfanin Sekisui yana sayar da gidajen haɗi tun 1971, kamfanin Toyota ma ya daɗe da shiga harkar gina gidaje, a ƙasar da girgizar ƙasa ba baƙuwa ba ce. A unguwar Croydon ta kudancin Landan akwai bene mai hawa 44 da aka jera shi da irin waɗannan ɗakuna. A nan gida kuma mun sha ganin ginin bulo ya tsage kafin shekara ta zagayo, saboda an matse siminti wajen buga bulo, ko an rage rodi, ko ba a shayar da kankare ruwa ba. Raunin gidan haɗi yana mahaɗa ne, wato inda ɗaki ya sadu da ɗaki da inda aka ɗaure shi da harsashi. Nan ruwa yake shiga, nan kuma iskar farkon damina take gwada ƙarfinta, irin wadda take yaye rufin gidajen bulo a Kano duk shekara idan ba a ɗaure katako da kyau ba. Idan firam ɗin katako ne, gara ma tana jira, don haka a ƙasarmu na ƙarfe ya fi dacewa.

Zafi kuwa yana buƙatar a tsaya a kansa, domin a watan Afrilu da Mayu zafin Kano yana haura digiri 40. Bangon bulo yana shan rana wuni guda, da daddare ya riƙa amayar da ita cikin ɗaki, shi ya sa ake fitar da tabarma tsakar gida a bazara. Bangon gidan haɗi ba shi da nauyin da zai tara zafi, yana hucewa da wuri bayan magariba, amma sanyinsa da rana ya dogara kacokan a kan abin da aka cusa tsakanin fallen ciki da na waje na bangon don tare zafi. Idan aka sa mai kauri a bango da rufi, ɗakin zai iya fin na bulo daɗi, kuma na'urar sanyaya ɗaki ba za ta wahala ba. Idan aka sa siriri don a rage farashi, da azahar ba mai iya zama a ciki. Ka tambayi kaurinsa da irinsa a rubuce, domin akwai na audugar dutse da ba ya cin wuta, akwai kuma farin soso mai arha da yake ci, kuma wannan bambanci ba ƙarami ba ne ga gidan da za a yi girki da gas a cikinsa.

A wajen sauri babu gardama, gidan haɗi yana gaba. Ana zuba harsashi a fili ana kuma haɗa ɗakuna a masana'anta a lokaci guda, ruwan sama ba ya tsayar da aikin cikin rumfa, alhali a ginin bulo komai sai ya jira na gabansa, kuma kankare kan ɗauki kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da injiniya ya lissafa.

Inda aka fi yaudarar mai saye shi ne kuɗi. Farashin da ake sa wa a talla yawanci na ɗakunan ne kawai a bakin masana'anta. Harsashi, kuɗin tirela, hayar kirane, sokawe, rijiyar burtsatse, jawo wuta da katanga duk suna wuyanka, kuma idan daga Legas za a taso da kayan, tafiya ce ta wajen kilomita 1,000. Ƙarfen da fallayen sau da yawa daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala, kuma kowa ya ga yadda naira ta faɗi tun daga tsakiyar 2023. Arhar masana'anta tana fitowa ne idan ana buga gida iri ɗaya da yawa, mai gida ɗaya ba ya cin wannan moriya sosai.

Abin da ya fi wannan muhimmanci a wajena shi ne yadda kuɗin yake fita. Yawancinmu a Kano ba a zama ɗaya muke gini ba. Mutum yana tara bulo idan ya samu sarari, ya kai linta bana, ya yi rufi baɗi, ya tare a ɗaki biyu yana ƙarasa saura. Wannan hanya tana da asara, domin siminti yana ƙara tsada kana jira, amma tana tafiya daidai da samun ɗan kasuwa da ma'aikaci. Masana'anta ba ta aiki haka. Tana karɓar kaso mai tsoka kafin ta fara, sauran kuma kafin ta sako kaya, kuma a tsakanin nan kuɗinka yana hannun wani, babu ko bulo ɗaya a filinka. Manyan kamfanoni ma suna durƙushewa: Katerra ta Amurka ta karye a 2021, Ilke Homes ta Birtaniya ta rufe a 2023. Idan magini ya gudu, abin da ya gina yana nan, wani birkila zai ɗora. Idan masana'anta ta rufe, sai dai a bi sawu.

Masu cewa ba a iya tsara gidan haɗi yadda ake so ba su yi daidai ba, domin ana jera ɗakunan su kewaye tsakar gida, a fitar da zaure da ɓangaren maigida dabam, sai dai faɗin kowane ɗaki ba zai wuce abin da hanya za ta ɗauka ba, kuma da zarar an fara yanka ƙarfe babu sauya ra'ayi. Masu cewa ba ya buƙatar izini su ma sun yi kuskure. Gini ne na dindindin, sai da takardun fili da amincewar hukumar tsara birane ta jihar Kano, wato KNUPDA, kamar kowane gini. Ka kuma je ka dubi layinku da idonka: tirela za ta iya shiga ta juya, kirane zai samu wurin tsayawa ba tare da ya taɓa wayar wuta ba? A lungunan cikin birni wannan kaɗai ya kashe maganar.

Akwai kuma gobe. Gida a wajenmu ajiya ce da gado, kuma dillalai da masu saye a Kano bulo suka sani, don haka ko gidan haɗin ya fi inganci, mai yiwuwa ne a taya shi ƙasa da darajarsa. Idan bango ya lalace, mai gyaran bulo yana kowace unguwa, mai gyaran falle kuwa sai an nema.

Shawarata gare ka, Malam, idan kuɗinka gutsi-gutsi yake zuwa kuma gidan zaman iyali kake so, ka yi bulo, ka ɗauki injiniya mai rajista ya tsaya a kan harsashi da rodi, ka kashe kuɗi wajen tare zafi a rufi. Idan kuwa kuɗin yana hannu gaba ɗaya kuma lokaci ne ya matse ka, kamar mai son buɗe azuzuwan makaranta ko ƙaramin asibiti kafin wani wa'adi, gidan haɗi ya cancanci ka duba shi da gaske. A wannan hali kada ka biya ko sisi sai ka shiga masana'antar da ƙafarka, ka ziyarci wani gida da suka kafa wanda ya ga damina biyu da bazara biyu, ka shiga cikinsa da tsakar rana ka tambayi mazaunansa, sannan a rubuta yarjejeniya a gaban lauya cewa biya zai riƙa bin matakin aiki.