Hattara da masu cewa a zuba kashi 20 na turare a kyandir

Ga masu haɗa kyandir mai ƙamshi a gida, musamman sababbin shiga: akwai wata dabara da ta yi yawa a WhatsApp da Instagram da TikTok, kuma kuɗin mutane na zubewa ta nan. Mai kayan zai buɗe aji mai araha ko ma kyauta, da sharaɗin a wurinsa za a sayi kaki da man ƙamshi. A cikin darasin sai ya ce ai sirrin kyandir mai tashin ƙamshi shi ne a zuba turare kashi 15 ko 20 cikin 100 na kakin. Wani ma ba zai ambaci giram ba, sai dai kofi biyu na kaki, murfi huɗu na turare.

Babu wani sirri a nan, algus ake rufewa. An riga an tsinka man, don haka in kuka zuba ma'aunin gaskiya ƙamshi ba zai fito ba, asiri ya tonu. Shi ya sa ake koya muku ninkawa. Kakin waken soya yana ɗaukar kashi 6 zuwa 10 ne, kakin farafin kuwa an fi tsayawa a wajen kashi 6. Kilo ɗaya na kaki a kashi 8 giram 80 na mai yake buƙata. A lissafin mai ajin giram 200 ne, wato kun sayi ninki biyu da rabi na abin da aikinku ke nema.

Asarar kuɗi ma da sauƙi. Man da kaki ya kasa riƙewa yana tsattsafowa sama kamar gumi, ko ya kwanta a gindin kwalba. Lagwani ya toshe, wuta ta riƙa baƙin hayaƙi, in man ya taru a sama kuwa fuskar kyandir ɗin gaba ɗaya tana iya kamawa, kwalba ta tsage. Kun koma da ƙorafi, amsar a shirye take: zafin gari ne. Gaskiya ne zafin watan Afrilu a Kano ko Sakkwato yana sa kakin soya ɗan gumi, amma wannan ɗigo ne ƙanana da ake sharewa da tishu. Mai kwance a gindin kwalba ba rana ce ta kawo shi ba.

Abin da aka fi tsinka man da shi DPG ne, wani sinadari mai kama da ruwa wanda kusan ba shi da wari. Masu turaren jiki sun san shi, kuma a can ba laifi ba ne. Matsalar ita ce ba ya haɗuwa da kaki ko an kwana ana juyawa. Gwajinsa ba wuya, domin yana narkewa a ruwa, shi kuwa man ƙamshi na gaske ba ya narkewa. A samu sirinji ko siririyar kwalba mai layin awo, a zuba ruwa mil 10 da mai mil 5, a girgiza, a ajiye ya kwanta. In man ya dawo mil 5 ɗinsa ko kusa da haka, to madalla. In ya koma mil 3, sauran biyun DPG ne ko sifirit, kun saye su a farashin turare. Sifirit ma ya fi haɗari, don yana tashi da zarar ya taɓa kaki mai zafi, kusa da wutar gas kuma tururinsa yana kamawa.

Masu wayo sun koma farin mai, irin wanda ake yin man jarirai da shi. Wannan yana shiga kaki lafiya lau, kyandir ya fito sumul, sai an kunna a ji ɗaki shiru ba ƙamshi. Shi kuma gwajinsa, a ɗiga ɗigo biyar na man da aka saya a cikin cokali ɗaya na sifirit ɗin kemis. Man ƙamshi zai ɓace a ciki, farin mai kuwa zai ware ko ya dagula sifirit ɗin.

Kakin ma ba a bar shi ba: ana kankare farafin a sayar da sunan soya. A narkar da ɗan kaɗan. Soya tana fitowa fatsi-fatsi kamar man girki, in ta daskare ta yi kalar madara, kuma ruwan zafi da sabulu na wanke ta daga cokali. Farafin garai yake kamar ruwa, ya daskare da sheƙi.

Ma'aunin da ke fitar da mutum kunya sikeli ne mai nuna giram, ba kofi ba, domin kofin kaki mai ɓarɓashi rabinsa iska ce, nauyin mai kuma ya bambanta daga ƙamshi zuwa ƙamshi. A ɗora kwalbar kyandir a sikeli, a mayar da shi sifiri, a cika ruwa zuwa inda kaki zai tsaya. A ce ya nuna giram 200. Tunda kaki bai kai ruwa nauyi ba, a ninka da 0.86, ya ba da 172, nauyin kaki da mai a haɗe ke nan. Don kashi 8, a raba 172 da 1.08: kaki giram 159, mai giram 13. A narkar da kakin a tukunyar da ke zaune cikin ruwan zafi, a zuba man yana wajen digiri 80 zuwa 85 na ma'aunin Celsius, a juya a hankali na minti biyu, a bari ya sauko kusan digiri 60 sannan a zuba a kwalba. Soya tana son mako ɗaya zuwa biyu a rufe kafin a yanke mata hukunci. Da yawa nan suke gaggawa, su kunna washegari, su ji ba ƙamshi, su koma wurin mai ajin ya ƙara sayar musu da wata kwalbar man.

Kafin a tura kuɗin lita, a sayi mil 30 a gwada. A tambayi mai kayan ko man na kyandir ne ko na jiki, a nemi takardar SDS (mai bayanin haɗarin mai da yadda ake kiyaye shi) da ta IFRA (ƙungiyar masu harkar ƙamshi ta duniya, mai nuna iyakar kashin da aka yarda a zuba) daga kamfanin da ya yi shi. Mai kayan kirki zai turo ba tare da jan rai ba. In da giram aka sayar muku, ku juye man a wani mazubi ku auna shi kaɗai, don wasu har nauyin kwalba da murfi suke lissafawa. Wanda aka riga aka cuta ya adana rasit ɗin banki da hoton hirarsu, ya kai ƙara FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya ta Najeriya.